Ta Leda da Ta Bido

Ran Lahadi na sauka Yantala, bakin gulbi,
inda masu dashe ke jera baƙaƙen ledoji
sahu-sahu, kamar takalma a ƙofar masallaci.
Arzika na durƙushe, wando naɗe har gwiwa,
yana shayar da ƴan tsirrai da gwangwanin tumatir.

Na ce, "Jan furen nan nake nema, ƴar uwar yakuwa,
wadda ba a miya da ita, ba a jiƙa ta a sha,
ido kaɗai ke ci ya ƙoshi."

Ya nuna mini uku.
Ta fari a leda, ba ta wuce taƙi ba,
ganye biyar, ɗaya ma tsutsa ta ɗanɗana: dala ɗari.
Ta biyu ta kai gwiwa, ta soma reshe: jikka da rabi.
Ta uku a rabin bido, kafaɗa da kafaɗa da ni,
fure bakwai a buɗe, kamar tafin da ya sha lalle:
jikka shida, ba ragi.

"Inna," ya ce, "leƙa gindin bidon."
Na leƙa ta tsaga. Saiwoyi sun naɗe kamar gammo,
sun kewaya, sun kewaya, sun rasa ƙofa.
"Wannan ta saba da ɗaki ɗaya.
Ki ba ta fili, sai ta yi watanni tana laluben bango.
Ƙaramar ba ta san ko'ina ba tukuna.
Ƙasar da kika ba ta, nan ne garinsu."

Na ji shi sarai. Amma ido ba ya jin wa'azi.
Na kwance bakin zane, na ƙirga jikka shida,
shi kuma ya ɗora mini ƙaramar a kan gyara.
Mai taksi ya yi ta tsaki har Talaje,
ganye na shafar kunnensa.

Na haƙa rami biyu inda ruwan alwala ke gangara,
hantsi ya same su, katanga ta tare musu la'asar.
Na cuɗa rairayi da takin tumaki da ya shekara.

Kwana huɗu, babbar ta zubar da adonta duka.
Ganye ya bi, rawaya, ɗaya bayan ɗaya.
Bazara ta sauka, pampo ya yi gum,
sai biyun dare yake tari, ya tofo abin da ya samu.
Ni ce a tsaye da bokiti, sauro na cin ƙafata.
Babbar ta sha uku, ta tsaya ƙerere
kamar baƙuwar da ta ƙi taɓa tuwo.
Ƙaramar, moɗa ɗaya,
ta yi shiru tana aikinta a ƙarƙashin ƙasa.

Jikata Tsahara, da aka kawo daga Tawa a goye,
yau da Zabarmanci take ciniki a kanti,
har ta gyara mini lissafi.
Ni, shekara tara a Yamai,
in na yi mafarki, ƙyauren gidanmu na Tawa nake turawa.
Ita ke ba ƙaramar ruwa, ni na riƙe babbar.
Ba wanda ya raba mana. Haka kawai ta kasance.

Da damina ta zauna
ƙaramar ta kai wa Tsahara ƙugu,
ta buɗe fure ɗaya da hantsi, ja wur,
kafin isha ya naɗe kansa, da safe yana ƙasa.
Yarinya ta tsince shi, ido ya kawo ruwa.
Na ce, "Haka suke. Dubi can, na gobe ya kumbura."

Babbar kuwa, na koma wurin Arzika da ƙara.
Bai ce "na gaya miki" ba.
Ya ce, "Datse rassan, rage mata kaya,
kada ki tambaye ta fure bana."
Na datse, hannuna na rawa.

Jiya da asuba, ina ɗauraye ƙafa,
na ga toho a jikin tsohon icen,
kore, bai kai ƙwayar gero ba.
Ban gaya wa kowa ba.
Na ƙara mata abin da ya saura a buta.